Riƙon ƙwarya har yaushe? Kalmomin Ingilishi masu ɓoye wa'adi

Harshen Ingilishi yana da tarin kalmomi na abin da ake ajiyewa kafin na ainihi ya iso, kuma da an jera su sai a ga sun kasu gida biyu. Na gidan farko ba sa ɓoye aibinsu. “Makeshift” abu ne da aka harhaɗa don a yi maneji, “stopgap” toshe ɓaraka ne kafin gyara, “ersatz” kuwa aro ce daga Jamusanci, ta bazu a zamanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, lokacin da Jamusawa ke soya hatsi da saiwoyi suna sha a madadin kofi. Duk wanda aka miƙa wa abu da ɗayan sunayen nan ya san kaya ne mai rauni, kuma zai ƙosa a canza masa. Na gida na biyu su ne na ofis: “interim”, “provisional”, “acting” da “ad hoc”, duk masu tushe a Latin, sai “caretaker” da ta bi ayarinsu. Da wuya ka ji gwamnatin da ta laƙaba wa kanta suna daga gidan farko. Na biyun ake so, domin suna yin alkawarin ƙarewa ba tare da sun faɗi ranar ba, ko wanda zai yanke ta.

A asalinsu kowace da abin da take jira. “Acting” tana jiran mutum, wato mai kujera ya dawo ko a naɗa wani. “Interim” tana jiran wani lamari ya auku, kamar zaɓe ko sulhu. “Provisional” tana jiran tabbatarwa, “ad hoc” ta aiki guda ce, da an gama shi ta watse, ita kuwa “caretaker” taƙaita iko take yi: ka tsare gida, kada ka sayar, kada ka rushe. Labaranmu na Hausa kan dunƙule su a riƙon ƙwarya, wucin gadi, muƙaddashi ko kantoma, kuma ba laifi ba ne, don riƙon ƙwarya ma ta fi su gaskiya, tunda ta nuna ƙwaryar tana da mai ita. Matsalar ita ce a Turancin da Hausar duka babu agogo a cikin kalmar.

Tarihin Najeriya ya isa shaida. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, Janar Babangida ya miƙa mulki ga gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan a watan Agustan 1993. Wata babbar kotu a Legas ta ce haramtacciya ce, kuma ranar 17 ga Nuwamba Janar Abacha ya kawar da ita, ba ta cika wata uku ba. Abin lura shi ne sunan majalisar mulkin da ta gaje ta, wanda ya fara da “provisional”. Wannan majalisa ta wucin gadi ita ta riƙe ƙasar har 29 ga Mayun 1999. Ke nan wucin gadin da ba shi da bindiga ya faɗi cikin makonni, mai bindiga ya haura shekara biyar. Kalmar ba ta tsawaita wa kowa ba, ba ta kuma gajarta wa kowa ba. Ƙarfi ne ya yanke.

Mulkin farar hula bai bar ɗabi'ar ba. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya lamunce wa ƙananan hukumomi shugabanni zaɓaɓɓu, amma gwamnoni da yawa suka shekara da shekaru suna naɗa kantomomi, wa'adi na cika a sabunta, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa wannan ya saɓa wa doka. Haka Ibrahim Magu ya shugabanci hukumar EFCC daga Nuwamban 2015 zuwa Yulin 2020 yana muƙaddashi, duk da Majalisar Dattawa ta ƙi tabbatar da shi har sau biyu. Muƙaddashi irin wannan yana da ikon kujera, amma ba shi da kariyarta, don wanda ya ajiye shi na iya ɗauke shi gobe da safe. Shi ya sa masu naɗi ke ƙaunar kalmar.

Mai ja da wannan magana zai ce ai a rashin uwa akan yi uwar ɗaki, kuma ƙasa ba ta zama babu shugaba. Gaskiya ne. Lokacin da jinya ta tsare marigayi shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a Saudiyya daga Nuwamban 2009, naɗa mataimakinsa Goodluck Jonathan muƙaddashi ranar 9 ga Fabrairun 2010 shi ya kwance ƙullin. Amma a dubi darasin da majalisa ta ɗauka: ta gyara sashe na 145 na tsarin mulki ta sa kwana 21, wanda in ya wuce shugaba bai aiko da wasiƙar miƙa mulki ba, ita za ta ɗora mataimaki. Muƙaddashin Alƙalin Alƙalai ma wata uku tsarin mulki ya ba shi, sai in majalisar shari'a ta ƙasa ta ba da shawarar ƙari. A Birtaniya gwamnatin riƙon ƙwarya ta Churchill a 1945 wata biyu ta yi, saboda zaɓe na tsaye a gabanta. Duk inda riƙon ya yi kyau, za ka tarar an ɗaure shi da lamba.

Wani kuma zai kawo Jamus ta Yamma, wadda ta rubuta dokarta ta tushe a 1949 da niyyar wucin gadi kafin ƙasar ta haɗe, ga shi an haɗe a 1990 kuma dokar tana nan daram. Ashe wucin gadi na iya zama alheri? Yana iya zama, amma Jamusawa sun yi ta zaɓe a ƙarƙashin dokar nan, kuma zaɓaɓɓun majalisu ne suka amince ta zarce. Kantoman da aka sabunta wa wa'adi babu wanda ya tambayi mutanen ƙaramar hukumarsa. Masu cewa laifin na mutane ne ba na kalma ba, su ma da gaskiyarsu, sai dai kalmar ce ke sanyaya jikin jama'a su fasa tambaya, tunda an ce musu abin ba mai daɗewa ba ne.

Saboda haka aikin yana wuyan 'yan jarida da masu fassara labarai a gidajen rediyo. Duk sanarwar da ta zo da ɗayan kalmomin nan, kada a tsaya ga cewa an naɗa wane riƙon ƙwarya. A faɗa wa mai sauraro ranar da riƙon zai ƙare, da dokar da ta yanke ta, da wanda ke da ikon ƙara ta. In sanarwar ba ta faɗa ba, a gaya masa ƙarara cewa ba a sa rana ba.