Ba Kowane Ciwon Kwamfuta Ne Fomat Ke Warkarwa Ba

Daga shagunan bakin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru har zuwa na masu gyara a Sabon Gari, akwai hukuncin da ake yankewa tun mai kwamfuta bai gama ƙorafi ba: bairos ne, a yi fomat. Masu faɗin haka ba da ka suke magana ba. Filas yana yawo daga wannan shagon buga takardu zuwa wancan, ya kwaso bairos mai ɓoye fayiloli, kuma sau da yawa goge komai shi ne hanya mafi sauri. Ina girmama ƙwarewarsu, amma akwai larurar da wannan magani ba ya taɓa ko gefenta.

Ɗalibin ajin ƙarshe ya gina shafin intanet da PHP don furojet ɗinsa. An tsara cewa duk wanda ya yi rajista za a tura masa imel. Aka gwada, shiru. Da aka leƙa fayil ɗin kurakurai sai ga layi guda: "sendmail: not found". Wannan ba kukan cuta ba ne. Manhajar cewa take yi ta nemi mataimakinta ba ta gan shi ba.

Asalin abin tsoho ne. Tsarin Unix da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs ta Amurka a 1969 an gina shi a kan ƙananan manhajoji, kowace da aikinta guda. Mai rubuta wasiƙa daban, mai kai ta daban. Mutt, manhajar imel da Michael Elkins ya fitar a 1995, haka ta taso: ta shirya saƙo, ta miƙa wa sendmail, manhajar Eric Allman ta farkon shekarun 1980. PHP ma a kan Linux haka take yi har gobe. Kamar telan da ya ɗinka babbar riga ne ya aika yaro wajen mai aiki, yaro ya tarar ya tashi daga shagon. Ba keken ɗinki ne ya lalace ba.

Abu ɗaya cikin uku ne yawanci. Ko dai ba a taɓa girka mataimakin ba, domin Ubuntu da ɗalibai ke sakawa ba ta zuwa da sendmail. Ko yana nan amma a foldar da ba ta cikin PATH, wato jerin wuraren da kwamfuta ke dubawa ɗaya bayan ɗaya in an kira umarni da sunansa kawai. Ko kuma an rubuta tsohon adireshinsa a fayil ɗin saiti. To, ina fomat zai shiga a nan? Sabon tsarin da za a ɗora shi ma ba shi da mataimakin. An goge babi huɗu na furojet, an ƙona data wajen sake sauke manhajoji, an jira wuta, sannan layin nan ya sake bayyana daram. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Binciken gaskiya ba ya cin minti goma. A buga "which sendmail". In ya yi shiru, kada a yi gaggawa, don a Debian foldar /usr/sbin, inda ya saba zama, ba ta cikin jerin mai amfani na gama-gari. A leƙa can kai tsaye. In babu shi, a girka Postfix, ko msmtp-mta mai sauƙin nauyi. In yana nan, a buɗe php.ini a rubuta cikakken adireshinsa a layin sendmail_path, a sake kunna Apache. Masu XAMPP a kan Windows su tabbatar layin yana nuni da ainihin inda foldar sendmail take, musamman in an ɗauke XAMPP daga C zuwa D. Kwamfuta ma tana bambance matsalolin da lamba: 127 na nufin ba a ga umarnin ba, 126 kuwa an gan shi amma an kasa gudanar da shi, galibi saboda rashin izini.

Wanda ya fi rikita mutane, har da gwanaye, shi ne umarnin da ke aiki lafiya in ka buga da hannunka, amma ya ƙi in cron, mai gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara, ne ya tayar da shi cikin dare. Nan ake rantsuwa bairos ne. Alhali cron gajeren jeri yake amfani da shi, yawanci /usr/bin da /bin kawai, sai an rubuta masa cikakken adireshi.

Malamai masu gyara, ba hana ku fomat nake yi ba, yana da ranarsa. Roƙona ku karanta layin kuskuren kafin ku ɗauko filas, in kuma dole sai an goge, ku kwafe wa ɗalibin aikinsa tukuna.