Asusun Ƙungiyar Malamai: Daga Karɓa Hannu Da Hannu Zuwa Cirewa A Albashi

Jama'a, ƙungiyar ma'aikata ba ta da gona, ba ta da kanti. Abin da 'ya'yanta suka tara kowane wata, shi ne dukiyarta duka. Domin haka in muna so mu san lafiyarta, sai mu duba yadda kuɗin nan ke isa hannun ma'aji.

Dokar 1938 ta yarda mutum biyar su kafa ƙungiya, sai ƙananan ƙungiyoyi suka yi yawa, galibinsu asusu ba nauyi. A cikin 1948 Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a Kwalejin Horon Malamai ta Maru, ya kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa. A zamanin nan hannu da hannu ake karɓar kuɗin wata. To, a dubi malamin da ke ƙasar Bagudo, ko Illo, ko Ka'oje, can kusa da iyakar Dahome, watau Jamhuriyar Benin ta yanzu. Tsakaninsa da ma'aji akwai tafiya mai nisa, wani ma sai ya ƙetare Kwara. Kuɗin da ba a karɓa ba kuwa, ba ya sayen takarda, balle ya biya motar wakilai zuwa taro.

A 1972 malaman Arewa suka haɗe da ƙungiyar malamai ta Nijeriya, watau NUT, wadda aka kafa tun 1931. Sa'an nan a 1978 gwamnatin soja ta tattara ɗaruruwan ƙungiyoyi ta mai da su 42, ta kuma wajabta cire kuɗin ƙungiya daga albashi. Nan ne asusu ya sami tsayayyen shiga. A 2005 doka ta mai da shiga ƙungiya ganin dama.

Amma maganin nan ya zo da tasa cuta. Ranar da albashi ya makara, kuɗin ƙungiya ya makara, daidai lokacin da aka fi bukatarta. Kuma wanda ya ƙirga kuɗi da hannunsa yakan tambayi inda suka tafi, amma wanda aka cire masa tun bai gani ba, ba safai yake tambaya ba.

Saboda haka muna jan hankalin malamai, na Bagudo da na sauran ƙasar Kabi, su riƙa zuwa taron reshe, su nemi a karanta musu lissafin shekara, abin da ya shigo da abin da ya fita. Kuɗinsu ne, hakkinsu ne su ji.