Gashin nama, kifi da kayan lambu a kan murhun gaz

Jama'a, kowa ya san yadda Sallar Layya take a ƙasarmu. Ana feɗe rago, a miƙe shi a kan sanduna biyu, a jera shi kusa da babbar wuta tun hantsi har dare. Kashegari kuma mata su yanka naman su soya. A Ƙonni, da Malbaza, da Ilela, itacen da ake ƙonewa a waɗannan kwanaki biyu ba kaɗan ba ne. Ga shi kuwa daji ya yi nisa. Mace takan yi tafiyar rabin yini kafin ta haɗa dami ɗaya. Da yawa sun koma ga karan dawa da kashin shanu, alhali waɗannan abincin gona ne, su ke maida wa ƙasa ƙarfinta.

Wannan damuwa ba sabuwa ba ce. A 1984 aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A cikin shekarun nan ne aka yaɗa murhun ƙarfe Mai Sauƙi da murhun laka Albarka, don a rage cin itace. Gaz kuwa a lokacin abin masu hali ne, domin daga waje ake kawo shi. Abin ya sake a watan Nuwamba na 2011, da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a jihar Damagaram. A 2012 hukuma ta tsaida kuɗin cika tukunya mai kilo 6 a kan sefa 1.800, wato dala 360. Tun daga nan gaz ya fara shiga gidajen talakawa. Yawanci shayi da shinkafa ake dafawa da shi. Amma ana iya gashi da shi, in an san hanya.

Yadda murhun yake

Murhun gashi na gaz yana da sassa huɗu: tukunyar gaz, tiyo, bakin wuta, da raga. Tsakanin wuta da raga ana sa farantin ƙarfe. Wuta ke zafafa farantin, zafin farantin ke gasa nama. Amfaninsa shi ne kitse ba ya ɗiga cikin wuta kai tsaye. Mai walda na gari yana iya ƙera ƙafafu da raga. Amma bakin wuta da tiyo da kan da ake ɗaurawa a wuyan tukunya, a saye su a kanti, kada a yi na dabara. Kada kuma a yi raga da waya mai fenti ko da ragar tsohon firiji. Abin da aka shafe su da shi yana narkewa ya shiga nama.

A kunna murhu a bar raga ta yi zafi kamar minti goma, sannan a shafa mata ɗan man gyaɗa. Wuta mai kyau shuɗiya ce. In ta yi ja ko rawaya tana baƙanta ƙarfe, to ƙofofin wutar sun toshe, a kashe a share su.

Nama

Gashi mai kyau tun daga mahauta yake farawa. A sayi naman da malamin dabbobi ya duba ya buga wa hatimi. Dabbar da ta kwanta ciwo, aka yi sauri aka yanka ta don kada a yi asara, ba ta da arha ko da kyauta aka ba ka. A watan Agusta na 2016 wani zazzaɓi mai suna Rift ya ɓulla a arewacin jiharmu ta Tawa, wajen Cintabaraden da Tasara, ya kashe dabbobi da mutane. Waɗanda suka kamu yawanci makiyaya ne masu taɓa jinin dabba marar lafiya ko ɗan da ta zubar, da masu shan ɗanyar madara. Haka ciwon saifa yake kama mai fiɗa tun kafin nama ya kai wuta. Mai kiwon turke kuma, in an yi wa ragonsa allura, ya tambayi malamin dabbobi kwana nawa za a jira kafin a yanka.

A yanka nama falle-falle, kaurinsa kada ya wuce yatsa. A shafa gishiri da mai, a ɗora. Yajin ƙuli-ƙuli yana saurin ƙonewa, saboda haka a barbaɗa shi daga baya, in nama ya kusa nuna. A nan ne gaz ya fi itace: hannunka ke riƙe da wutar. Ka fara da wuta mai ƙarfi don bayan naman ya kama, sannan ka rage ta don cikinsa ya nuna.

Cikin nan shi ne abin lura. Nama yakan yi baƙi a waje alhali cikinsa ɗanye ne. Ƙwayoyin cuta da ƴaƴan tsila ba sa mutuwa sai zafi ya ratsa tsakiya. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce zafin ya kai digiri 70. Mu da ba mu da ma'auni, wuƙa ce ma'auninmu. A tsaga inda ya fi kauri. In ruwan da ya fito fari ne tas, ya nuna. In akwai ja, a maida shi. Kaza da zabo a duba su wajen ƙashin cinya, can ne jini ke ɓuya. Wurin da ya ƙone ya zama gawayi kuwa, a kankare shi a yar, ba ya da kyau ga jiki.

Akwai kuskure guda da ake yawan yi, har a wajen masu tukuba. A kwashe gasasshen nama a zuba shi a tiren da ɗanye ya kwanta, ko a yanka shi da wuƙar da ba a wanke ba. Duk aikin da wuta ta yi ya tashi a banza. Tire biyu ake so, da sabulu kusa.

Kifi da kayan lambu

Karfasa da tarwaɗa na madatsar ruwan Mozage, ko na tafkin Ɗan Dutsi, suna gasuwa da kyau. A zaɓi mai ido garau da jiki mai tauri. A cire kayan ciki, a wanke, a tsattsaga gefensa, a shafa mai. Wuta kaɗan yake so, kuma sau ɗaya ake juya shi. Ya nuna in tsoka ta rabu da ƙaya ba wuya.

Kayan lambu kuwa Allah ya hore mana su. Albasar Galmi ta yi suna har Abijan da Akara, amma mu da muke nomanta ba mu cika gasa ta ba. A yanka ta ƙawanya-ƙawanya da kauri, a ɗora a gefen raga inda zafi ya yi sauƙi, za ta yi zaƙi. Haka tattasai, da tumatir, da yalo, da ɗanyar masara daga fadamar Ƙonni. Dankali sai an ɗan tafasa shi tukuna. Manomi ya kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin feshi kafin ya tsinka, domin wuta ba ta kawar da wannan guba. Albasa da tumatir da za a ci ɗanye tare da nama, a wanke su da ruwa mai tsabta. Ba mu manta da zawo da amai na 2018 da 2021 ba.

Gaskiya ɗaya ce: ƙamshin hayaƙin itace babu shi a gashin gaz, kuma rago sukutum ba zai hau wannan raga ba. Amma hanta, da tsire, da suyar kashegarin Salla, duk gaz yana ɗauke su. Mace kuma ta huta da hayaƙi. OMS ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki yana kashe wajen mutum miliyan 3 kowace shekara a duniya.

Tsaro

Gaz ba ya yafe sakaci. A yi gashi a fili, ba cikin ɗaki ba, nesa da danni da zana da rumbu. Tukunya ta tsaya a miƙe, cikin inuwa, nesa da wutar. Kafin a kunna, a shafa kumfar sabulu a mahaɗin tiyo. In kumfa tana tashi, gaz na fita. Kada a taɓa gwadawa da ashana. Tiyon da ya tsage a sake shi, ba a ɗaure shi da leda. A kyasta ashana tukuna, sannan a buɗe gaz. In an gama, a fara rufe kan tukunya.

Gaz ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. In kun ji warinsa, ku rufe tukunya, ku buɗe ƙofa da taga, kada ku kunna fitila ko sigari. In kitse ya kama da wuta, ku kashe gaz, ku zuba yashi, ba ruwa ba. Wanda ya ƙone a zuba wa wurin ruwan sanyi mai tsabta na tsawon minti ashirin, kada a shafa mai ko ƙwai, a kai shi likita. Lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18.