Kuɗin Mota Ya Koma Kati: Yaran Sikotland da Bas ɗin Kyauta

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu can arewacin Birtaniya, wato Sikotland, inda tun ranar 31 ga Janairun 2022 duk wanda ke zaune a ƙasar, daga ɗan shekara 5 zuwa ɗan shekara 21, yake shiga bas ba tare da ya biya ko sisin kwabo ba. Abin da ake buƙata kawai shi ne kati mai ɗauke da sunansa. Ya ɗora shi a kan na'urar da ke gefen direba, ta yi ƙara, ya wuce ya nemi wurin zama. Ko ɗan talaka ne ko ɗan attajiri, ko makaranta za shi ko gidan kakarsa, babu mai tambayarsa.

Yadda aka kai ga haka ma abin ji ne. A shekarar 2020 jam'iyyar SNP mai mulki ba ta da rinjaye a majalisar dokokin da ke Edinbara, don haka sai ta nemi ƙuri'un jam'iyyar masu rajin kare muhalli domin kasafin kuɗinta ya wuce. Su kuwa suka ce sai an ba 'yan ƙasa da shekara 19 bas kyauta. Da aka dawo cinikin kasafin shekarar da ta biyo baya, suka ƙara matsa lamba aka ɗaga zuwa 'yan ƙasa da shekara 22. A lissafin gwamnati, yara da matasa kimanin 930,000 ne suka cancanci katin. Kafin a cika shekara biyu da farawa, an yi tafiye-tafiye fiye da miliyan 100 da shi.

To amma me ya sauya a cikin gida? Mu ɗan yi lissafi. Yaran Sikotland na zuwa makaranta kwana 190 a shekara. Mu ƙaddara uwa ce mai 'ya'ya uku, kowanne yana biyan fam ɗaya zuwa, fam ɗaya dawowa. Fam shida ke nan a rana, fam 1,140 a shekara, ba a sa zuwa asibiti ko filin ƙwallo ko ziyarar dangi a ciki ba. Wani zai ce ai dama akwai motar makaranta. Akwai, amma doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi wannan nauyi ne a kan yaran da gidansu ya yi nisa: fiye da mil biyu ga ɗan ƙasa da shekara takwas, fiye da mil uku ga wanda ya kai takwas. Wanda gidansu ya gaza haka da ɗan kaɗan, a wurare da dama sai dai ya taka ko iyayensa su biya. Kuma wannan ƙasa ce da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, ga ruwa ga iska. A ƙasar da sama da yaro ɗaya cikin biyar ke tashi a gidan da ake lissafa shi cikin talauci, wannan kuɗin mota shi ne na wuta, shi ne na takalmin sanyi.

Dalilin kai iyakar har shekara 21 shi ma yana da ma'ana. Yaro na cika shekara 16 yawancin kamfanonin bas suke fara karɓar kuɗin babba a hannunsa, alhali a daidai lokacin ne yake koyon sana'a ko ya shiga kwaleji, kuma mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka wa matashi bai kai na babba ba. A da, mai koyon gyaran famfo ko mai wanke kwanuka a gidan abinci kan yi aikin sa'ar farko ta yini ne don kuɗin motar da ta kawo shi.

(Gajeren kiɗa)

Sai dai ni a ganina, masu sauraro, babban abin da katin nan ya sauya bai tsaya a aljihu ba. Ya cire roƙo daga tsakanin yaro da mahaifiyarsa. Duk wanda ya tashi a gidan da babu ya san yadda yaro ke karantar fuskar uwarsa kafin ya buɗe baki, ya san yadda yake haɗiye maganar idan ya ga ranar ba ta tambaya ba ce. Sai ya ce wa abokansa ba ya jin fita, alhali kuɗin mota ne babu.

Landan ta riga Sikotland gwada wannan. A 2005, zamanin magajin gari Ken Livingstone, aka ba 'yan ƙasa da shekara 16 bas kyauta, a shekara ta gaba aka haɗa da 'yan 16 da 17 masu karatu. Daga baya masu bincike na makarantar nazarin tsafta da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, ƙarƙashin jagorancin Judith Green, suka bi diddigin abin, suka fitar da rahotonsu a 2014. Sun zauna da yaran sun saurare su, kuma abin da ya fi fitowa fili shi ne tafiya tare. Tunda kowa na da kati, ba a barin kowa a tasha. Bas ɗin kansa ya zama dandali, musamman benen sama, wurin hira da dariya da koyon gari: wace lamba ce ke zuwa ina, me za ka yi idan ka wuce tasharka, yaya za ka zauna kusa da baƙo. Yaro kan ɓata ya gane hanya da kansa, tunda kuskuren ba ya cin kuɗi.

An yi fargabar cewa yara za su daina tafiya da ƙafa su yi ƙiba. Binciken ya nuna lallai sun ƙara hawa bas a gajerun tafiye-tafiye, hawan keke kuma ya ragu, amma jimillar nisan da suke takawa ba ta yi wani raguwar a zo a gani ba. Dalili kuwa mai sauƙi ne: wanda ya ƙara yawan fita, ya ƙara yawan tattaki zuwa tasha da dawowa. Yadda mutanen Landan suka riƙe tsarin nan da daraja ya bayyana a 2020, lokacin annobar korona, da gwamnatin Birtaniya ta sa dakatar da shi cikin sharuɗɗan ba hukumar sufurin birnin tallafi. Iyaye da makarantu da ƙungiyoyin yaƙi da talauci suka tashi tsaye, a ƙarshe aka janye batun.

(Gajeren kiɗa)

Mu koma Sikotland, domin ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar farko ita ce samun katin kansa. A watannin farko iyaye sun sha wahala da shafin intanet na neman sa: a ɗauki hoton fasfo, a ɗauki hoton takardar haihuwar yaro, a ɗauki fuskar mai nema, sai na'ura ta ƙi karɓa a sake daga farko. Ɗan ƙasa da shekara 16 ba ya nema da kansa, sai uwa ko uba ko mai riƙonsa. Ku duba waɗanda wannan ya fi tsayarwa: gidan da babu fasfo, babu waya mai kyau, kaka ce ke riƙon jikoki, ko baƙi ne da Turancinsu bai nuna ba. Wato waɗanda aka fi yin abin dominsu su ne suka zo a sahun baya. Sai da ƙananan hukumomi suka shiga makarantu suna yi wa yara rajista, aka kuma sauƙaƙa sharuɗɗan, sannan lamarin ya daidaita.

Ta biyu ta fi wuyar magani. Kati ba ya kawo mota. Yarinyar da ke Edinbara, inda kamfanin Lothian Buses mallakar ƙananan hukumomi ne kuma motocinsa ke bin juna, ta samu garin gaba ɗaya a tafin hannunta. Takwararta da ke wani ƙauye a tsaunukan arewa, inda bas ke wucewa sau biyu ko uku a yini, ranar Lahadi kuma babu, katinta na cikin jaka, mahaifinta kuma har yanzu shi ke tuƙa ta. Kuɗin harajin duka gidajen biyu ne ke biyan tsarin. Haka nan katin bai shafi jirgin ƙasa ba, bai shafi jirgin ƙarƙashin ƙasa na Gilasgo ba.

Asalin wannan giɓi tsoho ne. Tun 1986 aka sakar wa kamfanoni masu zaman kansu harkar bas a Birtaniya, ban da Landan, su ne ke zaɓar hanyar da za su bi da lokacin da za su fita. Gwamnatin Sikotland na biyan kamfani wani kaso na kuɗin babba a kan duk tafiyar da aka yi da kati, amma wannan bai ba ta ikon ce masa ya kai mota unguwa kaza da ƙarfe tara na dare ba. Hanyar da babu riba, in ƙaramar hukuma ba ta saka kuɗi ba, sai a soke ta.

Akwai kuma ƙorafin direbobi, kuma bai kamata a share shi ba. Ƙungiyoyinsu sun daɗe suna kukan wasu tsirarun matasa masu hayaniya, jifa da zagi, waɗanda ke yini suna zagaye a mota. A watan Fabrairun 2024 abin ya kai maƙura a tashar garin Elgin, inda wani direba ɗan shekara 58 ya rasu bayan wani yaro ɗan shekara 15 ya far masa. A 2025 gwamnatin Sikotland ƙarƙashin John Swinney ta ce za ta samar da hanyar dakatar da katin duk wanda aka samu da irin wannan hali. Hakan daidai ne in dai laifin ya tsaya kan mai shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu cewa a soke tsarin ɗungurungum. Mutanen da suka kai shekara 60 suna hawa kyauta a faɗin ƙasar tun 2006, kuma babu wanda ya taɓa cewa a karɓe katin dukan tsofaffi don wani dattijo ya zagi direba.

Yanzu hankali ya koma kan wanda zai riƙe linzamin motocin. Wata dokar Sikotland ta 2019 ta ba hukumomin yankuna ikon su tsara hanyoyi da lokuta da farashi da kansu, kamfanoni su zo su yi takarar kwangila, kamar yadda ake yi a Landan, kuma kamar yadda yankin Manchesta ya fara a 2023. A watan Maris na 2024 hukumar sufurin yankin Gilasgo ta amince ta kama wannan hanya. Wasu kamfanonin sun ce ba su yarda ba, hukumar kuma ta ce aikin zai ɗauki shekaru kafin motar farko ta fito ƙarƙashin sabon tsari. Yaron da ke aji ɗaya a sakandare a ranar da aka yanke shawarar, mai yiwuwa ya gama makaranta kafin nan.

Nan za mu dakata a shirin na yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)