Lagdo: Garin da Madatsa ta Haifa, da Tarihin Zaɓen Kansilolinsa

Duk wanda ya bar Garwa ya nufi kudu, ya ratse a Ngong ya yi gabas har ya iso bakin tafkin Lagdo, zai iske gari mai cike da harsuna. Ga Fulatanci, wanda shi ne harshen ciniki a duk faɗin arewacin Kamaru, ga Hausa, ga Larabcin Shuwa, ga Tupuri da Mafa da Musgum, ga kuma Faransanci a bakin ma'aikata da 'yan makaranta. Dattawan da suka san wurin kafin 1977 kuwa ƙauye suka sani a gindin duwatsu, bakin kogin Binuwai. A wannan shekara ce 'yan ƙasar Sin suka fara aikin madatsar ruwa, suka kammala a 1982, wato shekarar da Alhaji Ahmadu Ahijo ya sauka daga mulki. Madatsar tana da injuna 4 masu ba da megawat 72, kuma ita ta daɗe tana haska Garwa da Marwa da Ngaundare.

Amma ba wuta kaɗai madatsar ta kawo ba, ta kawo mutane. Da ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin ɗaruruwan murabba'in kilomita, sai masunta suka kwararo daga Logon da Shari, daga Cadi, daga Nijeriya, har daga Mali. Manoma kuma gwamnati da kanta ta riƙa kwaso su daga duwatsun Mandara da filayen Arewa Mai Nisa tun cikin shekarun 1970, a ƙarƙashin shirin raya arewa maso gabashin Binuwai, saboda can ƙasa ta yi wa jama'a kaɗan, nan kuwa daji ne ba mai nomansa. Daga baya aka buɗe fadamun shinkafa a Gunugu da kewaye. Inda duk kifi da shinkafa suka haɗu kuwa, ai ba sai an aika wa Bahaushe goron gayyata ba. 'Yan'uwanmu sun zo da sikeli da buhu, wasu fatake, wasu mahauta, wasu dillalan banda a kasuwar Jiporde, wasu malaman allo. Ƙidayar jama'a ta 2005 ta nuna mutanen ƙasar Lagdo sun haura 140,000, mafi yawansu a ƙauyuka da tungayen masunta.

To, garin da kusan kowa baƙo ne a cikinsa, wa zai riƙe shi? Wannan ita ce tambayar da ke ƙarƙashin kowane zaɓen kansiloli da aka yi a Lagdo.

A zamanin jam'iyya ɗaya tambayar ba ta da wahalar amsawa. Tun daga 1966 babu wata jam'iyya sai UNC, wadda ta sauya suna ta koma RDPC a taron Bamenda na 1985. Bisa dokar ƙananan hukumomi ta 1974, hukumar karkara ba ta da magajin gari zaɓaɓɓe. Gwamnati ce ke naɗa mai riƙe ta, kuma sau da yawa sufurefe ne da kansa yake haɗa hula biyu. Talaka yana biyan haraji da kuɗin rumfa, amma ba shi da ta cewa a kan wanda ke karɓa. Lagdo ba ta samu hukumar kanta ba sai a 1993, bayan dokokin Disamba 1990 sun buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. Ke nan, saɓanin Garwa mai daɗaɗɗen tarihi, ita Lagdo duk zaɓenta na gida a zamanin hamayya aka yi shi.

Na farko shi ne na ranar 21 ga Janairu 1996. Masu shekaru za su tuna yadda arewa take a lokacin. Jam'iyyar UNDP ta Bello Buba Maigari ta riga ta girgiza ƙasa a zaɓen 'yan majalisa na Maris 1992, inda ta samu kujeru 68 cikin 180, kuma a yankin Binuwai mutane da yawa suna kallonta a matsayin magajiyar gidan Ahijo. A zaɓen na 1996, cikin hukumomi 336 na ƙasar, RDPC ta ɗauki 219, SDF 62, UNDP kuma 29. Sai dai murnar 'yan hamayya a manyan birane ba ta daɗe ba, domin gwamnati ta ɗora wa birane irin su Garwa wakilinta naɗaɗɗe, wanda shi ke riƙe da kuɗi da hatimi, kansilolin da jama'a suka zaɓa kuwa suka zama 'yan rakiya. Abin mamaki, ƙananan wurare irin Lagdo sun fi birnin sa'a ta wannan fuska, don su kansilolinsu ne ke zama su fitar da magajin gari daga cikinsu, kuma shi ke sa hannu.

Daga nan siyasar arewa ta yi ta juyi. A ƙarshen 1997 UNDP ta ƙulla yarjejeniya da RDPC, Bello Buba ya shiga gwamnati, kuma a zaɓen 30 ga Yuni 2002 jam'iyyar ta faɗi warwas, har kujera ɗaya tak ta samu a majalisar ƙasa. Isa Ciroma Bakari, ɗan Garwa, wanda ya raba gari da UNDP a tsakiyar shekarun 1990, ya kafa tasa jam'iyyar FSNC a 2007. Tun daga lokacin yankin Binuwai ya zama fagen kokawar jam'iyyu uku, biyu daga cikinsu kuma shugabanninsu ministoci ne a Yawunde har zuwa Yunin 2025, lokacin da dukansu biyu suka raba gari da gwamnati don takarar shugaban ƙasa. Shekara da shekaru ke nan mai zaɓe a Lagdo yana ganin mutanen da ke zaune tebur ɗaya a babban birni suna zage-zage a dandalin ƙauyensa. An sake zaɓe ranar 22 ga Yuli 2007, sai 30 ga Satumba 2013, sai 9 ga Fabrairu 2020, inda RDPC ta kwashe hukumomi 316 cikin 360.

Mai karatu ya ƙirga da kansa. Doka ta ce wa'adin kansila shekara 5 ne, amma daga 1996 zuwa 2020 zaɓe biyar aka yi, kuma na 2007 ne kaɗai ya zo a kan kari. Sauran duk sai da aka ƙara wa'adi da dokar shugaban ƙasa. Waɗanda aka zaɓa a 2020 ma, a 2024 aka tsawaita musu zama har zuwa ƙarshen Mayu 2026. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, al'ummar da ta yi sake aka yi rabo ba ta nan, ba shekara 5 za ta jira ba, 6 ne ko fiye.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi shafar Hausawa, wato yadda ake rabon kujerun. A Kamaru ba a zaɓen kansila unguwa-unguwa kamar yadda ake yi a Nijeriya, inda kowace mazaɓa ke fitar da nata mutum. Nan hukumar duka mazaɓa ɗaya ce. Kowace jam'iyya tana kawo jerin sunaye cikakke, daidai da yawan kujerun, kuma babu ɗan takara mai zaman kansa. Yawan kujerun ya danganta da yawan jama'a: 25 ga hukumar da ba ta kai mutum 50,000 ba, sai 31, sai 35, sai 41, har zuwa 61 ga wadda ta haura 300,000. Jerin da ya samu fiye da rabin ƙuri'u shi ke kwashe kujerun gaba ɗaya, ko da ratar ƙuri'a goma ce. In babu wanda ya haura rabi, na gaba ya ɗauki rabin kujerun, sauran a raba gwargwadon ƙuri'u, wanda bai kai kashi 5 cikin 100 ba kuwa ya tashi hannu rabbana. Kuma daga saman jeri ake fara ɗauka.

Ashe ke nan unguwar Hausawa, ko da ta fito ƙwanta da kwarkwata ranar zaɓe, ba za ta iya tura ɗanta majalisa ba in ba a riga an rubuta sunansa ba, kuma a wuri mai kyau. Wanda aka sa na 30 a jerin da ya samu kujeru 8, ado kawai aka yi da shi. Zaɓen gaskiya ana yin sa ne makonni kafin ranar akwati, a zauren shugabannin jam'iyya, lokacin da ake zana sunaye. A ganina nan ne muka fi yin barci. Mun iya tara gudummawa, mun iya cika fili ranar gangami, mun iya yanka sa in ɗan takara ya zo gaisuwa wurin Sarkin Hausawa, amma zaman rubuta jeri sai mu bar wa wasu.

Alhali kuwa doka ta ba mu abin riƙewa. Kundin tsarin mulki na 18 ga Janairu 1996, wanda aka sa wa hannu kwana uku kacal kafin zaɓen farko, ya yi alkawarin kare tsiraru da kuma haƙƙin 'yan asalin wuri. Dokar zaɓe ta Afrilu 2012 kuma ta wajabta wa kowane jeri ya yi la'akari da rukunonin al'ummar da ke zaune a hukumar, da kuma mata. Wuƙa ce mai baki biyu, dole a faɗa. A Duwala, cikin Fabrairu 1996, 'yan ƙabilun Sawa sun yi zanga-zanga don ganin yawancin sababbin magadan gari ba 'yan asalin birnin ba ne, kuma tun daga nan kalmomin "ɗan ƙasa" da "baƙo" suka samu gindin zama a siyasar Kamaru. Dokar Disamba 2019 ma ta ce magajin babban birni irin Garwa sai ɗan asalin jihar. Amma a Lagdo, inda Bamafe da Batupure da Bakotoke da Bahaushe duk ruwa ɗaya ya kawo su, wa zai nuna wa wani yatsa? Bahaushen da aka haifa a Lagdo a 1985 ya girmi hukumar kanta.

Sai dai akwai shinge biyu da ba jam'iyya ce ta gina mana su ba. Na farko harshe. Mai neman kujerar kansila dole ya kai shekara 23, ya biya ajiyar jaka 50 ta sefa, kuma ya iya karatu da rubutu da Faransanci ko Ingilishi. Alhajin da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta lissafin dubban buhuna da ajami, a idon wannan doka bai cika sharaɗi ba. Gidajen da suka ƙi kai yara lakwal a shekarun 1980 su ne yau ke neman wanda zai tsaya musu a rasa.

Na biyu takarda, kuma shi ya fi ciwo. Ba a yin rajistar zaɓe sai da katin ɗan ƙasa, katin kuma ba ya samuwa sai da takardar haihuwa. Yaron da aka haifa a tungar masunta, aka yi suna aka raɗa masa Garba ko Talatu ba tare da an kai labari meri cikin kwana 90 ba, in ya girma sai ya bi ta kotu kafin a ba shi takarda, da shaidu da kuɗin mota da jeka-ka-dawo. Ga kuma zargin da kowane Bahaushen Kamaru ya sani: da an ji sunanka da harshenka sai a ce ɗan Nijeriya ne. Gaskiya ne akwai 'yan Nijeriya da yawa a bakin tafkin, suna sana'arsu cikin mutunci, kuma su ba su da ƙuri'a, tunda dokar 1968 ba ta yarda babba ya riƙe ƙasa biyu ba. Amma Hausawa suna Garwa da Ngaundare da Tibati da Banyo tun ƙarni na 19, kafin Jamusawa su iso. Jikan waɗannan in ya rasa takarda, ya rasa bakin kare kansa. Wani abin lura kuma, wanda ke sa hannu a takardar haihuwar shi ne magajin gari, wato mutumin da kansiloli ke zaɓa.

Kada kuma a ɗauka kujerar kansila ƙaramar aba ce. Majalisar ce ke amincewa da kasafin hukuma, ita ke yanke kuɗin rumfa da na tasha, ita ke cewa ga inda za a haƙa rijiya, ga inda za a gina aji. Waɗanda ambaliyar 2012 ta cinye wa gidaje da gonaki a ƙasan madatsa sun ga amfanin samun wanda ya san sunan unguwarsu lokacin da ake rubuta masu karɓar agaji. Ban da haka, tun daga Afrilu 2013 kansiloli suna cikin masu zaɓen yawancin sanatoci, kuma su ne suka zaɓi yawancin 'yan majalisar jiha a Disamba 2020. Ƙuri'ar kansila ɗaya daga Lagdo tana kaiwa har Yawunde.

Da can ma'aikatar cikin gida ce ke shirya zaɓe, sufurefe ne ke riƙe da rajista, kuma ƙorafin ɓatan suna ba ya ƙarewa. An kafa hukumar ELECAM da dokar Disamba 2006, kuma tun zaɓen 2013 rajista ta koma ta hoto da zanen yatsa. Bisa doka ana buɗe ta kowace shekara daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta, ana kuma rufe ta nan take ranar da aka kira zaɓe. Duk ɗan ƙasa da ya cika shekara 20, ya kuma yi wata 6 yana zaune a hukumar, yana da damar a rubuta shi, kuma ba a biyan ko dala.