Furotin 'Yan Rakiya da Ciwon Daji

A cikin shekarar 1962 wani masani Ba'italiye, Ferruccio Ritossa, yana nazarin tsutsar ƙudan 'ya'yan itace, sai wani abokin aikinsa ya ƙara zafin akwatin da ake renonsu. Da ya duba zaren gādo na ƙwayoyin jikinsu, sai ya tarar wasu wurare sun kumbura, alamar sun tashi aiki ke nan. Sai a 1974 Alfred Tissières da abokansa suka gano furotin ɗin da wannan aiki ke haifarwa. Sunansu na lamba daga nauyinsu ya fito, watau HSP70, HSP90 da sauransu.

Kowane furotin dogon zare ne, ba ya kuwa da amfani sai ya naɗe bisa kamanninsa, kamar yadda ƙyalle ba ya zama rawani sai an naɗa shi. Zafi yakan warware naɗin, zaruruwan su manne da juna, abin da ke faruwa ga farin ƙwai a tukunya. Aikin waɗannan furotin shi ne su riƙe wanda ya warware, su taimake shi ya sake naɗewa, in ya ƙi gyaruwa su miƙa shi a rushe. Don haka aka kira su 'yan rakiya. Har ƙwayoyin bakteriya suna da irinsu.

Amma fa ɗan rakiya ba ya tambayar halin wanda ya raka. Ƙwayar ciwon daji cike take da gurɓatattun furotin, ga ƙarancin iska da abinci a tsakiyar ƙarin, saboda haka ta fi lafiyayya bukatarsu. HSP90 ne ke tallafe HER2, mai ingiza wani irin dajin nono, HSP70 kuwa yakan hana lalatacciyar ƙwaya mutuwar da ta kamace ta.

A 1994 aka nuna cewa maganin geldanamisin yana toshe HSP90, sai dai ya zamana yana cutar da hanta. Magunguna da dama da suka biyo shi sun faɗi wurin gwaji, domin lafiyayyun ƙwayoyi ma ba sa rayuwa ba tare da 'yan rakiya ba, sa'an nan toshe HSP90 yakan sa ƙwayar ta ƙara yin HSP70. A 2022 ne ƙasar Japan ta yarda da pimitespib don wani ƙarin ciki da hanji wanda ya gagari sauran magunguna.