Sikila da Fushin da Gwajin Jini Ba Ya Nunawa

Duk wanda ya yi hunturu a ɗakin kwanan ɗalibai ya san irin daren da ake fita da wani ranga-ranga, yana cewa ƙasusuwansa kamar ana sara. Sikila ke nan, amosanin jini. Jajayen ƙwayoyin jini ne ke lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma sanyi da ƙishirwa da wahalar jarrabawa duk suna tayar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara a Najeriya.

Abin da ba a cika faɗi ba shi ne fushin da ke biye da ciwon. Idan uwa da uba duk AS ne, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, don haka mai sikila kan girma da tambayar da ba ya iya furtawa: don me iyayena suka auri juna? Ga ma'aikacin da zai gan shi yana murƙususu ya ce allura kawai yake nema, ga 'yan aji masu cewa "wanga raggo na."

Shi kuwa fushi jikin mai shi yake ci. Yana hana barci, rashin barci yana ƙara raɗaɗi, kuma likitoci sun lissafa damuwa cikin abubuwan da ke tayar da sikila. Yafiya dai ba ta canza jini, SS yana nan SS, amma tana rage kayan da ake ɗauka. Yawancin iyayenmu sun yi aure ne ba tare da kowa ya yi musu maganar gwaji ba. Tuna haka kaɗai yakan sanyaya zuciya. Wanda aka wulaƙanta a asibiti kuwa zai iya yafewa, ya kuma kai ƙara don na baya.

Wajen imani ne nake ganin muna kuskure. Mukan ce "haƙuri, ƙaddara ce" don mu rufe bakin mutum, har ya ɗauka faɗin ciwonsa raunin imani ne. Ai Annabi Ayyuba, da ake misali da haƙurinsa, ya kai kukan cutarsa ga Ubangijinsa. Haka wasu ke tilasta wa kansu azumi a zafin Sakkwato da ke haura digiri 40, don kunyar a gan su da ruwa, alhali shari'a ta ba mara lafiya rangwame. Wallahi yafe wa kai ya fi yafe wa mutane wuya.

Idan baƙin ciki ya kwashe makonni, barci da cin abinci sun gagara, a faɗa wa likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko a je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kan hanyar Illela. Can ma ana duba masu damuwa, ba sai wanda aka ɗaure ba.